Daga Badafi zuwa Riruwai a kan keke: Bin sawun Kogin Kano har inda ya fito

DUK wanda ya girma da kallon finafinan Hausa ya san ruwan Tiga, ko da kuwa bai taɓa taka ƙafarsa a garin ba. Shi ne shimfiɗeɗɗen ruwan nan da ake nunowa a bayan jarumi da jaruma idan an zo waƙa: ga duwatsu a gefe, ga ɗan kwalekwale can nesa, ita tana ɗan gudu tana waiwaye, shi kuma gogan yana biye da ita da hannu a ƙirji. Shekara da shekaru daraktocin Kano suna loda kyamara da 'yan wasa a bas su nufi can. A yi shutin, a ci kifi, kafin magariba an kamo hanyar gida. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne, wai shi wannan ruwa daga ina yake zuwa?

Amsar tana can kudu, a ƙarshen Jihar Kano, inda ƙasa ta tashi ta zama duwatsu a yankin Doguwa. Daga can Kogin Kano yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore, ya zube a Tiga. Abin da aka sako daga Tiga kuma ya wuce arewa ya haɗu da Kogin Challawa, su rankaya ta Wudil zuwa Haɗeja. Mai mota zai iya zuwa Doguwa ya dawo a wuni guda, amma ba zai ga komai ba sai ƙeyar direba. Wanda yake son ya ga wurin da idonsa, ya shaƙi iskarsa, ya gaisa da mutanensa, to keke ne abin hawansa.

Kada mai karatu ya yi dariya. Doguwar tafiya a keke ba aikin marasa aikin yi ba ne, kuma ba Turawa kaɗai ke yinta ba. Wani bawan Allah mai suna Aliyu Abdullahi Bala ya tashi daga Jos a kan keke a 2021, bai isa Makka ba sai a ƙarshen 2022. A 2023 kuma wani saurayi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke ya nufi Misira don neman shiga jami'ar Azhar. Ya keta Mali da Burkina Faso da Togo da Binin da Nijar, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 har Chadi, an tsare shi a hanya har sau uku. A Chadi ne labarinsa ya bazu, mutanen kirki suka haɗa masa kuɗin jirgi, domin yaƙin Sudan ya tare gaba. Ya samu karatun kyauta. Kai, har jarumin finafinan Amurka Will Smith sai da ya neme shi a farkon 2024, ya yi masa kyautar sabon keke da kwamfuta. In furodusa na neman labari, ga shi nan a ƙasa ba mai shi.

A Turai kuwa abin ya zama al'ada. Sun fi son bin gaɓar kogi, kuma suna da dalili. Ruwa ba ya hawa tudu, kullum sauƙi yake nema, don haka duk hanyar da ta bi kwarin kogi ba ta cika wahalar da ƙafa ba, ga garuruwa a jere, ga abinci. Shahararriyar hanyarsu ita ce ta bakin kogin Danube, musamman tsakanin Passau ta Jamus da Biyana ta Ostiriya, kimanin kilomita 320 na titin da aka tanada don masu keke. A kudancin Kano babu wanda ya ware wa keke titi. Amma kogin yana nan, garuruwan suna nan, keken ma bai taɓa barin wurin ba. Tun zamanin da kamfanin Raleigh yake da masana'anta a Kano, keke ne motar talaka: shi ke kai manomi gona, shi ke ɗaukar buhu zuwa kasuwa, shi ke kai ɗalibi makaranta. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, waɗanda suka jingine nasu a zaure ma sai da suka kakkaɓe masa ƙura.

A fara daga ƙauye

Badafi ɗaya ce daga mazaɓun Ƙaramar Hukumar Ƙiru, kuma wuri ne da ya dace a ce daga nan aka tashi. Ƙasar Ƙiru tana zaune ne tsakanin manyan ruwaye biyu na Kano: ta ɓangaren Ƙaraye ga madatsar Challawa da aka kammala a 1992, ta ɓangaren Bebeji kuma ga Tiga. Ƙasa ce ta noma da kiwo. Wanda ya fito da sanyin asuba a lokacin kaka zai tarar da dawa an girbe an jera, karan masara a tsaye ya bushe, shanu suna bin gonaki suna kala. A cikin wannan ƙaramar hukuma ne dajin Dansoshiya yake, inda gwamnatin Ganduje ta gina wa makiyaya ruga. Saboda haka batun fura da nono a hanyar nan ba abin damuwa ba ne.

Lokacin tafiyar ma abin lura ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne daidai. Ruwan sama ya ɗauke, hanyoyin burji sun bushe, rana ba ta yi zafin Maris da Afrilu ba. Ga kuma wata garaɓasa: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai nufar kudu a bayansa take, tana ɗan tura shi. Sai dai ya tanadi man leɓe da ƙyallen rufe hanci, in ba haka ba ya isa Doguwa fari fat kamar wanda aka yi wa kwalliyar fitowa a aljani.

Shi keken ba sai na 'yan gayu ba. Tsohon Phoenix mai lafiya zai kai mutum Tudun Wada ba tare da gardama ba, amma daga nan gaba mai giya ya fi, don akwai hawa. Abin da ba a wasa da shi shi ne birki, da taya, da kaca. A kai wa mai gyara ya duba kafin ranar. A kariya a ɗaure ƙaramar jaka: famfo, tiyub guda na ajiya, kayan faci da sulushan, sifana, tocila, jarkar ruwa, ƙuli-ƙuli da dabino, bargo mara nauyi, da katin shaida. Hanyar ƙauye ƙaya gare ta, kuma ƙayar aduwa ba ta san taya sabuwa ba. Sa'ar da ake da ita, da wuya a wuce gari biyu ba a ga mai faci a gindin bishiya da kwanon ruwansa ba. Kuma a tafi a ƙungiya, mutum uku ko huɗu. Dalilin haka zai fito a gaba.

Bebeji, da ƙauyen da aka yi ɓarinsa

Daga hanyoyin ƙauye mai keke zai faɗo kan babban titin Kano zuwa Zariya. To a nan sai a yi hattara. Titin ya yi kyau, kyan nasa kuma shi ne haɗarinsa, domin direbobi gudu suke kamar an biyo su. Idan tirela ta wuce, iskarta kaɗai ta isa ta watsa mai keke cikin gona. A kama gefe sosai, a bi layi ɗaya, a bar hira sai an sauka.

Ranar farko arewa ake ɗan komawa, zuwa ƙasar Bebeji. Yaran yanzu Bebeji a wurinsu sunan ƙaramar hukuma ne kawai, alhali tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake. Baturen nan mai yawon bincike, Clapperton, ya bi ta cikinsa a 1826. A farkon Fabrairun 1903 kuma, da rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya don cin Kano, a Bebeji ta fara cin karo da turjiya. Mutanen garin suka rufe ƙofa, Turawa suka saita igwa suka fasa ta. Ranar 3 ga wata Kano ta faɗa hannunsu, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Tirƙashi! Industiri ta yi finafinan sarauta ba iyaka, da dawakai da fadawa da rikicin gadon mulki na ƙirƙira, ga labarin gaske a ƙofar gida yana jiran mai ɗauka.

A cikin ƙasar Bebeji ne kuma garin Kofa yake, sunan da har yau in an ambace shi wasu 'yan fim sai sun yi tsaki. A 2016 gwamnatin Buhari ta bayyana shirin gina ƙauyen shirya finafinai a can, aikin da aka ce zai ci kimanin naira biliyan 3, da hannun ɗan majalisar yankin, Abdulmumin Jibrin, da Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda daga baya, a Janairun 2024, aka naɗa Ali Nuhu shugabanta. Malamai da dama a Kano suka tashi haiƙan a kan mumbari suka ce ba su yarda ba, za a ɓata tarbiyya. 'Yan fim suka ce sana'a ce da aikin yi ga dubban matasa. Ba a je ko'ina ba gwamnati ta janye. Kowane ɓangare yana da abin da yake tsoro, kuma ba a nan za a raba wannan gardama ba. Amma mai keken da ya ratsa Kofa, ya ga samari a zaune a bakin titi suna ƙirga motoci, dole ya raya wani abu a ransa.

Gaba kaɗan sai Bagauda, tafkin da aka sa wa sunan sarkin da tarihi ya ce shi ne na farko a Kano. A da akwai katafaren otal a bakinsa, yanzu wurin ya zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi. Dattawan yankin ba su manta da watan Agustan 1988 ba, lokacin da madatsar ta ɓalle bayan mamakon ruwa, ta tafi da rayuka da gidaje da gonaki. Daga nan hanya ta miƙe sai Tiga.

Tiga ba ta waƙa kaɗai ba ce

Wanda ya saba ganin Tiga a talabijin, ranar da ya tsaya a gabanta sai ya ga ashe kyamara rowa take yi. An gina madatsar ne tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tsawon bangonta ya kai kimanin kilomita 6, tsayinsa mita 48. Ruwan da ta tare ya mamaye kusan murabba'in kilomita 178, kuma in ta cika tana ɗaukar abin da ya kusa mita biliyan 2 na ruwa a ma'aunin faɗi da tsawo da zurfi. A taƙaice dai, mutum zai tsaya a wannan gaɓa ya kasa hango waccan idan akwai hazo. A kan tudu ga otal ɗin Rock Castle, wanda 'yan fim suka sani kamar yunwar cikinsu. A Tiga ɗin nan ne kuma gwamnatin Kwankwaso ta biyu ta kafa makarantar koyon aikin fim.

Amma fa ba don rawa da waƙa aka tare wannan ruwa ba. Daga nan babbar hanyar ruwa take ɗaukarsa ta kai gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin shirin noman rani na Kogin Kano da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are take kula da shi. Kashin farko na shirin an tsara shi a kan hekta 22,000. Shinkafar Kura, da alkama, da tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Legas, duk 'ya'yan Tiga ne. Wani kaso na ruwan da Kanawa ke sha ma daga nan yake, ta matatar Tamburawa. Wato duk wanda ya ci dafa-duka a lokeshin a cikin birni, akwai yiwuwar Tiga ce ta ciyar da shi ba tare da ya sani ba.

Sai dai kowane alheri da kuɗinsa. Lokacin da ruwan ya taru, dubban mutane aka tasa daga garuruwansu, gonakin kakanninsu suna ƙarƙashin wurin da jaruma take wasa da ruwa. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da masunta da manoma da makiyaya suka dogara da ita ta ragu tun da aka gina Tiga da Challawa. Ruwan da ake saki rani da damina ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, ita kuma ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Manomin Kura yana murna, na Nguru yana kuka, kuma kogi ɗaya suke sha.

Mai keke dai ya kwana a Tiga. Da yamma ya sauka bakin ruwa ya ga masunta suna fitowa da karfasa da tarwaɗa, mata suna suya a gefe. A ci da yaji a kora da ruwa. Shawara ɗaya: kada zafin hanya ya sa wani ya ce zai yi iyo, ko ya faɗa kwalekwalen da aka cika maƙil. Ruwan dam ba kududdufin unguwa ba ne.

Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada

Kashegari sai a juya kudu. Hanyar da ta fi sauƙin bi ita ce a dawo babban titi a gangara Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya. Wannan mahaɗa ba ta barci. Ga masu shayi, ga masu tsire, ga 'yan kamasho suna kiran Saminaka da Jos, ga yara da farantan talla suna rufe duk motar da ta rage gudu. Matafiyi a keke a nan zai fara amsa tambayoyi. Dattijo zai dube shi ya dubi jakar, ya ce, "Samari, daga ina haka?" In aka ce masa Riruwai za a, sai ya riƙe baki: "A keken? To Allah ya kiyaye hanya, yaro." Amsar ita ce "Amin, Baba," a kuma saurari duk abin da zai ƙara, don ya fi kowace taswira sanin hanyar.

Daga nan motoci sun ragu, hanya ta fara 'yan hawa da gangara. Gaskiyar magana, titin ba ya manne wa kogin kamar yadda na Turai suke yi. Ruwan yana can ta hannun hagu, wani lokaci a hango alamarsa, wani lokaci ya ɓace. Abin da ke nuna ana cikin kwarinsa shi ne ƙoramun da ake tsallakawa, da fadamu masu rake da shinkafa da lambuna. Bishiyoyi ma sun fara yawa: ɗorawa, kaɗanya, mangwaro. Nan ruwan sama ya fi na birni, a shekara yana haura milimita 1,000.

Tudun Wada garin shinkafa ne. Tun daga bakin gari za a ji ƙarar injinan casa, a ga an shanya turararriyar shinkafa a kan tabarmi da leda, mata da samari kowa da aikinsa. A nan ya kamata a kwana na biyu, a ƙara duba birki, a cika jarkoki, a kuma yi abin da ya fi komai muhimmanci a tafiyar gaba ɗaya: tambaya.

Falgore

Ga dalilin da ya sa aka ce a tafi a ƙungiya. Tsakanin Tudun Wada da Doguwa titin ya ratsa ta tsakiyar dajin Falgore, kimanin kilomita 150 daga birnin Kano. Dajin ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi, daga baya aka mai da shi gandun namun daji, kuma sunansa na farko ma gandun Kogin Kano ne, saboda kogin ta cikinsa ya bi. Hikimar keɓe shi ba don namun daji kaɗai ba ce. Itatuwan ne suke riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta ya zuba a Tiga. Duk buhun gawayin da aka fitar daga Falgore, yashi ne aka ƙara wa dam.

Wajen kyau kam ba a magana. Da an shiga za a ji iska ta sauya. Dogayen itatuwan doka da maje da ƙirya sun yi wa hanya rumfa a wasu wurare, tsuntsaye iri-iri, ga birai da gwaggon biri suna zaune a bakin titi suna kallon mutane kamar su ne masu karɓar haraji. Manyan namun da ake ba da labari a da farauta da kiwo da saran itace sun kore yawancinsu. Duk da haka, daraktan da ke neman dajin da zai sa mai kallo ya gyara zama, ba sai ya je wata ƙasa ba.

Amma sunan Falgore ya daɗe yana tsorata matafiya, kuma ba a banza ba. An yi zamanin 'yan fashi masu tare hanya. Wajen 2015 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da dajin maɓoya, har ta kai direbobi ba sa shigarsa in rana ta yi sanyi. A 2017 sojoji suka shiga da atisayen da suka kira Harbin Kunama na biyu, daga baya kuma gwamnatin jiha ta gina musu sansanin horo a cikin dajin. Wannan ya taimaka. Sai dai lamarin tsaro kamar yanayin damina ne, na jiya daban na yau daban. Saboda haka kafin a shiga a tambayi direbobin tasha a Tudun Wada, a sanar da jami'an tsaron da ke bakin dajin, a gaya wa na gida inda ake. A shiga da hantsi, a fita kafin la'asar. Ba a ratse wa titi don ɗaukar hoto, ba a kwana a ciki, ba a rabuwa. In taya ta yi faci, kowa ya tsaya. In kuwa mutanen gari suka ce yau kada a bi, to magana ta ƙare: a ɗora kekunan a saman mota a tsallake, ko a haƙura sai wani jiƙon. Jarumtar da ake gani a fim, inda mutum ɗaya yake tarwatsa 'yan daba goma, darakta ne yake cewa a yanke in abu ya ɓaci. A Falgore babu darakta.

Inda ƙasa ta tashi

Da an fito daga dajin an shiga wata Kano daban. Doguwa ita ce ƙarshen jihar ta kudu, ta soke kai tsakanin Kaduna da Bauchi. Gonakin masara ne iya ganinka, ga rake, ga duwatsu sun fara leƙowa ta gabas da kudu. Wanda bai taɓa fita daga Fagge ko Gwammaja ba zai rantse an shigo Filato. Da dare kuwa bargon nan da ake ta ƙorafin nauyinsa shi ne zai zama abokin arziki.

Rana ta huɗu ita ce ta gwada ƙwanji, ranar hawa Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar. Birnin Kano bai kai mita 500 a saman teku ba, duwatsun Riruwai kuwa sun haura mita 1,000, nan ne ƙololuwar jihar. Mai keke mara giya zai sauka ya tura, kuma ba abin kunya ba ne, mutanen garin ma haka suke yi. Ana tafe ana haki, ana tsallake 'yan ƙoramu masu sanyi da suke fitowa daga tsakanin duwatsu. Irinsu ne suke haɗuwa su zama ruwan da aka baro a Tiga. A wannan yanki ne kuma ake zuwa kallon ruwan da ke zubowa daga dutse a Zainabi, wanda ya fi armashi a ƙarshen damina.

Riruwai garin kuza ne tun kafin Bature ya zo. Maƙeran wurin suna haƙo ta, su narka, su zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwar Kano da gaba da nan. Irin wannan kuzar da Turawa suka gani a kasuwanni ce ta sa suka bi sawu har suka dira a kan arzikin Filato a farkon ƙarni na 20. Daga baya aka haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin dutsen Riruwai don fitar da kuza da sauran ma'adinai, garin ya cika da ma'aikata daga sassa daban-daban. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan ayyuka suka tsaya, aka bar tsofaffin gine-gine da ramuka da tafkunan da haƙa ta haifar. Masu haƙa da hannu ba su daina ba. Za a gan su da diga da shebur da kwanon wanki a bakin rafi, aiki mai haɗari, don rami yakan rufta. Baƙo ya tsaya inda aka ce ya tsaya, kada ya leƙa ramin da bai sani ba, kada kuma ya ɗaga waya ya hau ɗaukar mutane ba tare da ya nemi izini ba. Ladabin shiga kowane gari a hanyar nan ɗaya ne: a fara da gaida mai gari ko mai unguwa, a faɗi daga inda aka fito da abin da ya kawo mutum. Sau da yawa daga nan ne ma wurin kwana yake fitowa.

Dawowa kuma zaɓi biyu ne. Mai sauran ƙarfi ya juyo a keken, gangara za ta biya shi bashin hawan jiya, sai dai yanzu iskar hunturu a fuska za ta riƙa dukansa, kuma dokar Falgore tana nan yadda take. A gangaren Riruwai a riƙa taɓa birkin baya a hankali, kada a damƙe na gaba. Wanda cinyoyinsa suka ce sun gaji kuwa, ya sauko bakin titi ya jira motar da ta fito daga Saminaka, a yi ciniki da kwandasta, a ɗaure keken a sama da igiya mai ƙwari. Ya sauka a Kwanar Dangora, ya sha shayi, ya taka sauran zuwa Badafi kafin a kira magariba.